Abin da Aka Yanke a Zanen Arkadi

Ranar Lahadi da safe Inna Agafiya ta tarar da gawar Arkadi mai zane, a hunturun shekarar 1921, shekarar da yunwa ta zauna mana a Tarbinsk. Ɗakin haya yake a gidanta, kuma ta ga bai kwana gida ba, sai ta ɗauki ruwan zafi ta bi shi rumfar da yake aiki a bayan masana'antar ƙarfe. A kife ta same shi gaban zanensa. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye butar, ta yi alamar gicciye, ta zo ta buga min ƙofa, don ni ne malamin asibitin masana'anta.

Kafin in isa mutane sun cika wurin. Kuzma Yefimich yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon dusar ƙanƙarar da aka tattake. Shi kaɗai ne ɗan sandan garinmu. Rabin rayuwarsa a daji ya yi ta yana bin sawun kerkeci, da sabuwar gwamnati ta zo aka ɗaura masa jan ƙyalle a hannu don babu wanda ya yarda ya karɓa. Tun muna samari muke tare.

"Ka makara, mahauci," ya ce da ni. "Dubi aikin mutanenka. Garken awaki ma da ya bar min sawu ɗaya."

"Sai ka shinshina, tsohon kare. Ai da hanci aka san ka."

Na durƙusa kan gawar. Bugu ɗaya ne a ƙeya, da ƙarfe mai nauyi, ga ma ƙarfen a yashe kusa da murhu. Jikin ya sandare, tun yammacin jiya ke nan.

Daga birnin Masko aka turo Arkadi ya yi wa zauren ma'aikata zane, kuma ana ba shi rabon burodi daidai da na mai aiki a bakin wuta. Wannan kaɗai ya isa a tsane shi. Zanen a kan tamfol yake, tsayinsa ya kai na mutum biyu. Babu fuska a ciki, babu itace, babu sararin sama. Baƙaƙen sanduna ne suka gicciye juna, da da'irori masu ruwan toka wata cikin wata, da jajayen tsinaye kamar ana sukar ido da su. In ka daɗe kana kallo sai ka ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashinka. Shi yana cewa babban wilin ɗakin inji ne, ƙaton faifan ƙarfen da ke juya injuna, da gudumar tururi, wai ba jikinsu yake zanawa ba, ƙarfinsu yake zanawa. Mutanen gari kuwa aman inji suke kiransa.

Yau a tsakiyar zanen akwai rami mai kusurwa huɗu, faɗin faranti. An yanke wurin an tafi da shi.

Kuzma ya daɗe yana shafa bakin yankan da ɗan yatsa. Sannan ya zagaya teburin fenti, ya sunkuya yana duban katakon.

Taron ya dare, Lavrenti Fomich ya shigo. Shi ne shugaban kwamitin ma'aikata, kuma ba daga ofis ya taso ba, a bakin wuta gashin girarsa ya ƙone. Shi ya je gunduma da kaka ya ƙulla yarjejeniya: mu ƙera musu garmuna kafin bazara, su ba mu garin burodi. Duk wanda ke numfashi a Tarbinsk ya san a kan wannan yarjejeniya yake numfashi.

"Na sa an kulle Savva a ɗakin gawayi," in ji shi. "Kowa ya ji abin da ya faɗa wa mutumin nan."

"Da sauri haka?" Kuzma ya tambaya.

"Gobe jirgin ƙasa zai kawo mutanen gunduma. Ɗan saƙon Masko aka kashe, Kuzma Yefimich. In ba mu miƙa musu mutum ɗaya ba, su za su zaɓa da kansu, kuma ba ɗaya za su zaɓa ba."

Na dubi fuskokin da ke bakin ƙofa. Babu mai jimamin mamacin. Kowa so yake a gama maganar a kan Savva, a koma gida.

*

Savva shi ke tsaye kan gudumar tururi. Mun same shi zaune kan tarin gawayi, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Da kaka guduma ta markaɗe hannun ƙaninsa, ni na yanke abin da ya rage. Lokacin da ake fita da yaron a kan ƙyaure, Arkadi yana zaune a gefe da allonsa, bai daina zane ba. Savva ya tare shi a zauren ma'aikata ya fasa masa baki, ya ce wata rana sai ya shimfiɗa shi ƙarƙashin gudumar nan.

"Na faɗa," in ji Savva. "Ban janye ba."

"Jiya da aka tashi aiki ina ka je?" Kuzma ya tambaye shi.

Ya kawar da kai gefe.

"Ɗan'uwa, gobe waɗanda za su tambaye ka ba sa maimaita tambaya."

"In na faɗa ma duk ɗaya ne."

Kuzma ya kama ƙafarsa ya juya tafin takalmin ulun, ya cire wani ɗan ƙaiƙayi da ya maƙale a ɗinki. "Rumbun dawakin masana'anta. Hatsin dawaki ka ɗebo."

Savva ya rufe fuska. "Ƙanina ba ya samun rabo tun da ba ya aiki. Cikin hula biyu na ɗiba." Ya ɗago. "Kawu, in da ni ne, ka ga zan tsaya yankan tsummar nan kamar tela? Da ƙafa zan bi ta kanta."

Da muka fito Kuzma ya bi bayan rumbun. Can babu wanda ya tattake. Sawun Savva yana nan, zuwa da dawowa, ya miƙe har unguwarsu, bai ko karkata wajen rumfar ba.

"Ɓarawo ne," ya ce. "Amma na hatsin dawaki."

*

Gidan Inna Agafiya ya cika da wari mai tayar da zuciya. Mata a layin ruwa sun riga sun gaya mana cewa ta tsine wa ɗan hayarta a gaban jama'a. Kuzma ya buɗe murhunta, ya zaro wani guntun tamfol da ya ƙone rabi.

"Wannan fa, Inna?"

"Ragowar yankansa ne, da su nake hura wuta tun farkon sanyi. Ko itace ka kawo min?"

Ya gwada faɗinsa da tafin hannu. Tsiri ne kawai, babu fenti a jikinsa.

"An ce kin tsine masa."

"Na tsine. Allon hoton waliyyi ya ɗauke min daga bango ya kifa shi yana dama fenti a bayansa. Kai da me za ka yi?" Ta share hanci da gefen mayafi. "Amma ni nake wanke masa riga. Yaro ne marar kunya, ba mugu ba."

"Wannan warin na mene ne?" na tambaya.

"Fentinsa. Man da ya zo da shi ya ƙare, sai ya samo ruɓaɓɓen man kifi a tsohuwar ganga yake haɗawa da shi. Ba ya bushewa, ba ya fita. Da toka na dirje hannuna har fata ta saɓule. Kyanwoyin unguwa da har coci za su bi shi, in da yana zuwa cocin."

Kuzma ya tambaye ta ko ta ga wani canji a tare da shi kwanan nan.

"Ranar Alhamis ya dawo bai taɓa miyar kabejinsa ba, shi da yake lashe kwano. Ya ce, 'Inna, surukinki a ɗakin inji yake, ko? Ki ce ya kwanta ciwo ranar Litinin.' Na ce masa ciwon da babu rabon burodi a cikinsa ba namu ba ne."

*

Zinaida Markovna ce ke zana taswirar kayan inji a ofis. Ita kaɗai a garin take zuwa kallon aikin Arkadi, shi ya sa ake cewa akwai wani abu tsakaninsu. A kan teburinta akwai rula ta ƙarfe da 'yar wuƙa mai kaifi. Kuzma ya ɗauki wuƙar yana juya ta, ita kuma tana kallonsa da jajayen idanu.

"Na san abin da kake tunani," ta ce. "Yanka miƙaƙƙe, ga mai rula. Ka kai ni, in hakan zai sa ku yi barci."

"Rabin garin nan sun iya yanka miƙaƙƙe, 'yata, aikinmu ke nan. Jiya ina kike?"

"Gidan fada, limamin coci. Matarsa ta haihu, ni na riƙe fitila. Tambayi malamin asibiti."

Gaskiya ne, tare muka yini, muka kai tsakar dare har aka yi wa jaririn wanka.

Kuzma ya ajiye wuƙar. "Ni ban gane zanen nan ba, kuma ba zan gane ba. Amma wanda ya tsane shi da yaga shi zai yi. Wannan ya zaɓi wuri ɗaya ya cire. Me ke wurin?"

Ta tashi ta je taga. Raɓa ta daskare a jikin gilashin. Da farce ta ja sanda mai kauri daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta, sannan ta gitta mata layi mai karkace-karkace kamar walƙiya.

"Sandar baƙa ce, layin ja. Ranar Alhamis ya ƙara shi. Na ce ya ɓata tsarin zanen, ja ya yi yawa a gefen. Ya ce, 'Duk abin da ke jikin tamfol ɗin nan daga kaina ya fito, ban da wannan.' Na ɗauka irin maganganunsa ne."

"Ina yake zama in yana kallon inji?"

"A kan tsani, dab da wilin. Tun kaka yake wurin. Ya ce babu wanda yake kallon wilin, kowa tsoronsa kawai yake ji."

A waje Kuzma ya tsaya yana duban bututun hayaƙin masana'anta. "A teburinsa gwangwanayen fenti duk suna nan," ya ce, "ja, toka, fari. Akwai shatar gindin wani gwangwani a katako, shi babu shi. Baƙi ne babu. Mai kisa yana gudu da me? Da fenti?"

*

Daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin ake kashe inji, a kulle ɗakin, mabuɗi ya kwana a ofishin shugaban kwamiti. Kuzma bai je neman mabuɗi ba. Ta ramin da ake zuba gawayi muka shiga, ni ina zaginsa, shi yana jan ƙafata.

Ban taɓa ganin wilin a tsaye kusa haka ba. Rabinsa a cikin rami yake, rabinsa ya kusa taɓa rufi, da hannuwa shida kowanne ya fi ƙugun mutum kauri. Duka baƙaƙe ne da tsohon maiko. Kuzma ya hau tsanin Arkadi. Bai duba da ido ba, hanci ya riƙa kaiwa jikin ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya. Ya sauka cikin ramin, can na ji ya ce, "Zo, Nikifor."

Ba ya kiran sunana sai abu ya ɓaci.

Hannun da ke ƙasa baƙi ne kamar sauran, amma warin ruɓaɓɓen kifi ne ke tashi daga gindinsa. Ya taɓa, yatsansa ya fito da danshi. Ya sa wuƙarsa ya kankare fentin, ya tono tsumma da aka cusa. Tsaga ce. Ta faro daga gefe ta yi karkace-karkace ta ci fiye da rabin kaurin ƙarfen. Ya zura ruwan wuƙar, ya shige har ƙota.

Na ɗaga kai na dubi nauyin da ke samanmu. Na taɓa jin labarin wili da ya fashe a wata masana'anta, an ce an tsinci ɓangarensa a cikin maƙabarta, bayan ya ratsa bango biyu. Gobe da safe mutum fiye da ashirin za su tsaya a ɗakin nan.

"Mu fita," na ce.

*

Kafin rana ta faɗi Kuzma ya tara su a zauren ma'aikata. Aka kawo Savva. Zinaida ta zauna a ƙarshen benci, Inna Agafiya ta dafa shayin busasshen karas, don shi ya rage mana. Lavrenti ya zo a ƙarshe ya zauna kan tebur a mazauninsa. Ma'aikata sun cika bakin ƙofa har waje, Dariya matar Lavrenti tana cikinsu.

"Me ake jira?" in ji Lavrenti. "Ga mutumin nan a hannu."

"A sha shayi tukuna, Lavrenti Fomich. Sanyi ake."

Aka miƙa kofuna. Kowa ya cire safar hannu ya rungumi kofinsa don ya ji ɗumi. Kuzma ya fara magana a hankali, kamar yana ba da labarin farauta. Ya ce Savva bai je rumfar ba, sawunsa ya nuna wani wurin, bai faɗi ina ba. Ya ce Zinaida tana gidan fada. Ya ce Inna Agafiya bakinta ne kawai ke da kaifi. Sannan ya faɗi abin da ke jikin wili.

Wani daga baya ya ce, "Ƙarya ne."

"Je ka zura hannunka. Mai zanen nan da kuke wa dariya ya gani tun Alhamis, ya sa a zanensa. Wanda ya kashe shi ya yanke wurin, ya ɗauki baƙin fentinsa, ya shiga ɗakin inji ya shafe tsagar. Ƙofar ba a fasa ta ba."

"Mabuɗi a rataye yake a ofis," in ji Lavrenti. "Kowa zai iya ɗauka."

"Zai iya."

Akwai wata ramammiyar kyanwa da ke kwana a zauren. Tun shigowar Lavrenti take zagaya ƙafarsa, yana ture ta. Yanzu ta yi tsalle ta hau teburin, ta wuce kowa, ta fara lasar bakin safarsa ta dama. Ya janye hannu, ta bi shi. Kofinsa yana gabansa, bai taɓa ba.

Inna Agafiya ta yi alamar gicciye.

"Cire safar," Kuzma ya ce.

Lavrenti ya dube shi, ya dubi mutanen bakin ƙofa. Ya cire. Hannun ya yi jawur, an dirje shi da toka har ya fashe, amma baƙin fenti yana nan a ƙarƙashin farata da cikin kowace tsagar fata. Warin ya iso har inda nake.

Bai yi musu ba. Ya ɗora hannun a kan tebur yana kallonsa.

"Ranar Alhamis ya ja ni ya nuna min," ya ce. "Na roƙe shi. Na ce ya bari mu gama garmunan, saura kaɗan, sai a tsayar a gyara. In muka tsaya yanzu gunduma za ta juya garin burodin zuwa wani wuri, masu jira suna da yawa. Jiya na koma na sake roƙonsa. Ya ce ranar Litinin zai tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa kowa. Ya juya min baya ya ci gaba da fentinsa, kamar maganar ta ƙare." Ya dubi mutanen bakin ƙofa. "Shi zai koma Masko. Ku kuma fa? Ku gaya min me za ku ba 'ya'yanku. Wilin nan zai iya kai mu bazara."

"Zai iya," in ji Kuzma. "Zai iya kuma ƙin kai ku azahar."

Savva ya miƙe. Na ɗauka zai shaƙe shi, amma bai matsa ba.

"Kawu Lavrenti, kai ka koya min riƙon guduma. Ni za ka miƙa musu?"

"Mutum ɗaya ne kai, Savva. Su gari ne."

"To da ba ka miƙa ni ba, ina zan tsaya gobe? Ba gindin wilin ba?"

Lavrenti ya ci gaba da kallon hannunsa. Abin da ya fi tsorata ni a zauren shi ne, ba kowa ne ke kallonsa da fushi ba. Wasu Kuzma suke kallo.

*

Ranar Litinin ba a tayar da inji ba. Maƙera suka taru suka fara ƙera ɗamarar ƙarfe da za a ɗaure hannun wilin da ita, Savva a gaba. Aikin ya ci lokaci, garmuna suka makara, kuma abin da Lavrenti ya faɗa ya tabbata: ragowar garin burodinmu aka kai wani wuri, ba mu sake gani ba sai da kogi ya narke. Wannan hunturu na rufe idanu da yawa, yawancinsu ƙanana. Akwai gidajen da har Kuzma ya mutu ba su ƙara gaishe shi ba, kuma cikinsu har da na waɗanda da sun tsaya a ɗakin inji ran nan. Zinaida ta rataye zanen a zaure da raminsa, ta ƙi yarda a yi masa faci.

Amma jirgin ranar Litinin ɗin bai zo da mutanen gunduma kaɗai ba. Ya zo da tarago ɗaya na garin burodi, kason farko na yarjejeniyar. Aka sauke buhuna, a cikin taragon da ya zama wayam aka shigar da Lavrenti, wandonsa ya yi fari har gwiwa. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Jirgin bai gama fita daga tasha ba aka fara rabo. Layi ya miƙe har bayan ofis. Ina tsaye wajen sikeli na hango Dariya ta zo da jakarta, ta tsaya can gefe, ba ta shiga layi ba, ba ta kuma tafi ba. 'Ya'ya uku ta bari a gida. Mata suka yi ta kallon ƙasa.

Inna Agafiya ce ta ja da baya, ta buɗe wuri a gabanta.

"Shigo nan, Dariya," ta ce. "Tsayuwar me kike? Mijinki ne ya kawo garin burodin nan."